Ajiyar Hamani Tana Cikin Baƙa

Shafi na 19

Masu bina, na ga saƙonninku. Wata ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta hau mota daga Tajaye ta same ni har gida. Bismillah, akwai tuwo. Amma ku 'yan Fara da 'yan Baƙa da kuka mayar mini da wurin sharhi filin dambe, ku ji tsoron Allah. Labari nake ba ku, ban ce ku zagi iyayen juna a kan injin wasa ba. Ga shi nan, kuma kada wanda ya ce mini ya yi kaɗan.

*

Rahama ta dawo daga lakwal, wato makaranta, ke nan, ko jakar littattafan 'yan ajinta ba ta sauke ba, Kamalu, abokin yayanta, ya tare ta a zaure. Gumi yake yi kamar wanda ya turo moto, wato babur, daga Bazaga.

"Don girman Allah, Rahama, ki ruhe min asiri. Yau ɗai."

Ta leƙa tsakar gida ta bayan kafaɗarsa. A kan teburin da ke ƙarƙashin rumfa, inda tsohon injin wasansu yake zama shekara da shekaru, wani sabo ne fari fat yake ƙyalli.

"Kamalu, ina Baƙa?"

"Tana kasuwa. Wurin Ɗayyabu mai kayan wuta."

"Mi ta kai ta wurin Ɗayyabu?"

"Musanya munka yi jiya. Na ba shi ita, ya ba ni Fara."

"Da ajiyar Yaya ciki?"

Ya sunkuyar da kai.

Wanda bai san wasan nan ba zai ce me ya yi zafi. To bari in gaya masa. Shekara goma sha ɗaya fadar su Hamani, yayan Rahama, wato majalisar abokan shayinsa, suna buga wasa ɗaya, wanda suka raɗa wa Fitilar Sarakuna don sunansa na Faransanci ya fi ƙarfin bakinsu. Tun daga kashi na huɗu har na bakwai, duk a kan inji ɗaya, Baƙa. Abin da ya sa wasan ya kama ran mutane shi ne ba ya mantuwa. Duk abin da ka zaɓa yana shiga ajiya, kashi na gaba ya ɗauka daga nan. Wanda ka ceta zai gaishe ka bayan shekara biyar, wanda ka ci amanarsa ɗansa zai jira ka a hanya. Kuma ajiyar da ke cikin Baƙa ta Hamani ce, da hannunsa ya gina ta lokacin yana da ido.

Sai ga kashi na takwas ya fito, kamfanin da ke yin wasan suka ce a kan Fara kaɗai za a buga shi.

"Moctar na hwadarmu yac ce ajiyar tana bin mutum ta intanet," in ji Kamalu, murya ƙasa-ƙasa. "Yac ce da an kunna Fara za ta sauko da kanta."

"Ta sauko?"

"Ba ta sauko ba."

"Ta ina za ta sauko, Kamalu? Baƙa ta taɓa shiga intanet tun ran da kunka saye ta?"

"Sai da sahe na tuna."

Rahama ta ji kamar ta kwaɗa masa jakar a fuska. Wallahi da ni ce da na kwaɗa.

"Mi kac ce ma Yaya?"

"Na ce mishi kamfanin sun ji kunya sun janye, sun hiddo na takwas har ga Baƙa. Rahama, ki dubi yadda shika murna. Yau ɗai ki taimake ni. Gobe in san dabarar da zan yi."

Daga ciki muryar Hamani ta taso.

"Wa ka ƙus-ƙus cikin zaure? Rahama, ke ta? Shigo mana, shayi na huce!"

*

Hamani na zaune a kan tabarma, ya sa sabuwar rigarsa ta shadda wadda ko ranar Juma'a ba kullum yake fito da ita ba. Baƙin tabarau a fuskarsa. Shekara huɗu ke nan da batirin tirela ya fashe masa a ido a gareji, mako biyu bayan ya gama kashi na bakwai. Tun daga ranar fadar ta dawo tsakar gidansu, kuma Rahama ta zama mai karanta masa allo. Duk abin da aka rubuta ko aka faɗa da Faransanci, ita ke mayar masa da Hausa, shi kuma ya yanke abin da za a yi. Dokar fada ce, ba a ƙara gishiri, ba a ragewa.

Da kansa yake ɗaga buta yana zuba shayi, yana gane cikar kofi da ƙarar ruwan.

Moctar na gefe a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ma'aikacin buro ne, wato ofis, da aka turo daga Yamai bara, ya shiga fadar ta hanyar Kamalu. Mutum ne mai son a san ya san abu.

"Ni dai na faɗa," Moctar yake cewa, "kashi na shida ne ya kusa kashe wasan nan. Faɗan ka tsaya in buge ka, in tsaya ka buge ni. Wa yake da wannan lokacin yanzu?"

Hamani ya yi dariya.

"Moctar, kai da kah hwara daga na bakwai? Wanda bai sha wuyar na huɗu ba, ba shi da bakin magana cikin hwadar ga."

"Na kalli na huɗu a waya."

"Ya kalla a waya! Kamalu, ka ji? Ya kalli tuwo a waya ya ƙoshi."

Kamalu ya yi wata dariya wadda ba ta wuce maƙogwaro ba.

"Ni abin da yaɓ ɓata min rai," Hamani ya ci gaba, "shi na wanga rainin wayo da sunka so yi muna. Shekara ashirin mutane na sayen wasansu, mai moto, mai shago, ɗan lakwal da ka tara kuɗin kalaci. Rana ɗaya ku tashi ku ce sai mai Fara? Awa mai tuwo ta ce in ba ka sayi kwano wurin ƙanenta ba, ba ta zuba maka."

"Kasuwanci ne, Hamani. In ba don kuɗin masu Fara ba, da na takwas bai fito ba sam. Ka fi son babu shi gaba ɗaya?"

"Na hi son a riƙe amanar wanda yar riƙe ka. Amma ai sun gane. Sun janye. Ko ba haka ba, Kamalu?"

"Haka na."

"To kunna muna. Rahama, matso kusa. Yau ba ni son kalma ɗaya ta wuce ni."

Rahama ta zauna a bakin tabarma. Ko taɓa kofin da ya miƙo mata ba ta yi ba.

Kamalu ya kai hannu ga injin. Daidai lokacin da zai danna, sai ya kama tari da ƙarfi, ya kuma ture tiren kofuna da ƙafa, duk don ya rufe ƙarar tashin Fara, wadda ba irin ta Baƙa ba ce.

Hamani ya karkata kai.

"Kai ka tari yau? Ita kuwa Baƙa da tas saba tari in an kunna ta, yau ba ta yi ba."

"Na kai anka wanke mata fanka."

"Madalla. Ta sha wuya, baiwar Allah. Miƙo min manet in tuƙa wasan da hannuna."

"Bari in riƙe tukuna. Hwarkon duk labari na, ba faɗa."

Hamani ya janye hannunsa.

"To."

*

Kiɗan buɗewa ya tashi. Irin wanda suka sani ne tun na huɗu, an ƙara masa ganguna. Hamani ya dafa ƙirji, yana murmushi har haƙoransa na waje.

"Karanta, Rahama."

Ta karanta. Jarumin ya sauka daga jirgin ruwa bayan shekara bakwai a gudun hijira. Birni ya canza sarki. An kashe fitilar da ke kan hasumiya. Duk wannan gaskiya ne, haka yake a allo, ta faɗe shi yadda yake.

"Masu gadi biyu na bakin ƙofa. Suna tambaya, fada za ka ko kasuwa?"

"Ba ko ɗaya. Ku kai ni maƙera."

Hannun Kamalu ya tsaya a kan manet.

"Maƙera?"

"Ina za ni da ya wuce nan? Shekara bakwai ban ga Maƙeriya ba, in shigo gari in wuce ƙoharta? Wane irin ɗan'uwa ni ke nan?"

Tsoffin 'yan wasan nan sun san Maƙeriya. A kashi na huɗu gobara ke kama unguwarta, kuma kusan kowa a duniya ya rasa ta a nan, don wasan ya nuna kamar ba makawa sai ta mutu. Hamani ya ƙi yarda. Kwana arba'in yana dawowa daga gareji da baƙin mai a hannu yana neman hanya, har ya gano wata rijiya da ke ɓullewa bayan maƙerar, ya fito da ita da rai. Tun daga nan take bayyana a kowane kashi, tana ce wa jaruminsa ɗan'uwana. A duk Konni ba wanda ke da ita cikin ajiyarsa sai shi, har daga Malbaza an taɓa zuwa don a gan ta.

Fara kuwa ba ta san Hamani ba. Ta ɗauki labarin kowa da kowa.

Kamalu ya tuƙa jarumin ta cikin lunguna. Moctar ya sauke ƙafarsa daga kan ɗaya.

Suka iso. Babu maƙera. Bango ne ƙonanne, ciyawa ta fito ta cikinsa, sai wani tudun ƙasa da aka dasa guduma a kansa. Wani tsoho na zaune a gefe. Rubutu ya fito a ƙasan allo: ta mutu a gobarar nan, ba wanda ya zo cetonta.

"Mun iso?" in ji Hamani.

"Mun iso, Yaya."

"Ban ji guduma ba."

Kamalu ya haɗa hannuwa biyu yana roƙonta da ido.

"Ba ta nan," Rahama ta ce. "Ta yi tahiya."

"Ina?"

"Wajen... wajen duwatsu. Neman ƙarhe."

"Halinta na! Ba ta zama. Wa ka magana, wanga mai muryar tsohwahhi?"

"Maƙwabcinta na. Yac ce ta bar maka saƙo."

"Mi tac ce?"

Rahama ta rufe ido. Shekara huɗu ba ta taɓa ƙara masa ko wasali ba.

"Tac ce, in ɗan'uwana ya zo, a ce mishi shi jira ni. Na ajiye mishi takobi."

Hamani ya buga cinya.

"Kun ji? Moctar, ka ji? Wanga shi na abin da Fara ba ta iya ba ka ko da kuɗinka. Shekara goma sha ɗaya, ba ta mance ni ba!"

Rahama ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba a rayuwarta, hawaye na zubo mata tana share su da gefen mayafi don kada ya ji a muryarta.

Sai kiɗan wurin ya canza. Gangunan suka ɗauke, wata sarewa ta shigo ita kaɗai, a hankali.

Murmushin Hamani ya tsaya.

"Kamalu, ƙara murya."

"Ai ta isa haka."

"Na ce ƙara."

Ya ƙara.

Hamani ya saurara. Ya ajiye kofin da ke hannunsa a ƙasa, a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe.

"Wagga sarewa ta kabari ta."

"Yaya..."

"Tun na huɗu ba su busa ta sai bisa kabari. Sun busa ta ma sarkin jirgi. Sun busa ta ma tagwayen nan cikin na shida. Ni za a koya ma wagga sarewa?" Ya juyo da fuskarsa wajen ƙanwarsa. "Kabarin wa nika tsaye bisa, Rahama?"

Ta rufe fuska da mayafi.

"Kamalu, ba ni manet."

"Hamani, tsaya in..."

"Ba ni!"

Ya sa masa a hannu. Hamani ya shafa ta sau ɗaya, daga wannan kunne zuwa wancan. Babban yatsansa ya nemi sandar hagu a inda ya saba samunta, bai same ta a nan ba.

"Wagga ba manet ɗin Baƙa ba ta."

Sarewar nan dai na ta busawa.

"Ina injina?"

*

Kamalu ya durƙusa a gaban tabarma. Magana ta ɓalle masa, ba kai ba gindi.

"Wallahi don kai niy yi. Kullum sai ka ce, ko yaushe na takwas za shi hito, ko Allah za shi nuna min. Da sunka ce sai Fara, na ga yadda kay yi kwana uku ba ka cin abinci. Na ce ko ta halin ƙaƙa sai ka ji shi. Moctar yac ce ajiyar za ta biyo..."

"Ni na ce yawanci tana biyowa," Moctar ya katse shi. "Yawanci. Ban san injinku bai taɓa ganin intanet ba. Wa yake zama da inji shekara sha ɗaya babu intanet?"

"Mu," in ji Hamani.

"To, kuskure ne, an yi. Amma mu faɗi gaskiya, Hamani, wasa ne fa. Matar nan zane ce. Ga na takwas a gabanka, sabo, mutane na neman shi ido rufe..."

Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya yi shiru. Amma ya riga ya fito.

Hamani bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Moctar, ka san abin da idona yag gani na ƙarshe da nika iya tunawa da kyau? Ba hasken batir ba. Ƙarshen na bakwai. Tana tsaye bakin ruwa tana ɗaga min hannu, da jan ƙyalle ɗaure ga kai. Huskar uwata ta hwara ɓace min, Allah shi na shaida, sai na yi da gaske nika haɗa ta. Amma wanga hoto na nan. Duk abin da niy yi da hannuna ina mai ido, gareji ya sai da, moto an sai da. Wagga ajiya ɗai ta rage wadda in an kunna za ta ce, Hamani ya taɓa yin wani abu. Ita ta kac ce zane."

Moctar ya dubi ƙasa.

Sannan Hamani ya juya wajen Rahama, kuma nan ne abin ya fi ciwo.

"Su ban yi mamaki ba ƙwarai. Ke fa?"

"Yaya, yanzun ga nis sani. Cikin zaure."

"Kin sani kin zamna. Kin buɗe baki kin ce ta bar min takobi."

"Na ga kana murna, na kasa..."

"Shekara huɗu ke ta idona. In kin ce rami, in tsaya. In kin ce ba mota, in ƙetare titi. Ban taɓa tambayar kowa ba bayan ke. Yau in kin ce min ba mota, in ƙetare?"

Kuka ya ƙwace mata.

"Ka yahe min, Yaya."

"Ba lokacin wanga ba na. Kamalu, wa kab ba?"

"Ɗayyabu mai kayan wuta. Bakin kasuwa."

"Kira shi."

Kamalu ya kira. Ta yi ta ƙara har ta yanke. Ya sake. Haka.

Moctar ya share murya.

"Akwai abin da ya kamata ku sani. Ɗayyabu ba ya tsallaka da inji Najeriya da kayan mutane a ciki. Sai ya goge su tas, ya mayar da su kamar sababbi. Kuma ya ce mini gobe da safe zai tsallaka."

"Wato yau shika gogewa."

"Yau."

Hamani ya miƙe tsaye, ya laluba sandarsa a jikin ginshiƙin rumfa. Kamalu ya kai hannu zai kama shi, ya fizge.

"Tada moto. Zan hau bayanka don ba ni da wata ƙahwa, ba don na yahe ba."

*

Ban san ko kun taɓa ganin yadda Kamalu ke tuƙa kabu-kabu in yana sauri ba. Ranar ya fi haka. Ya ratsa tsakanin tireloli biyu da ke jiran duwan, wato kwastan, ya kusa kwashe tiren wata mai ƙosai, ta bi shi da zagin da ba zan rubuta a nan ba. Rahama na biye a kan wani moton, ta riƙe mayafi da haƙori. Moctar ma ya biyo, a can baya.

Rumfar Ɗayyabu 'yar ƙarama ce, cike da wayoyi da caja da rediyoyin da aka buɗe cikinsu. Yana zaune a kan benci, telebijin ƙarami a gabansa, waya na caji a can kusurwa tana ta walƙiya ba wanda ya kula ta.

"A'a, Kamalu! Fara ta yi gardama? Ni ba ni maida kaya, ka sani."

"Injin da nib ba ka jiya. Yana ina?"

"Wanne ciki?"

Ya nuna kanta da haɓa.

Baƙa bakwai ne a jere a kan kantar, iri ɗaya, launi ɗaya.

"Tun da na takwas ɗin ga yah hito, kowa na kawo tashi shi amshi Fara," in ji Ɗayyabu. "Jiya ɗai huɗu anka kawo. Ni ina zan san ta wa ta wa? Duk baƙaƙe na."

"Ka goge su?" Hamani ne ya tambaya, daga bakin rumfa.

Sai a lokacin Ɗayyabu ya lura da shi. Ya miƙe.

"Hamani? Kai da kanka? Sannu da zuwa. Zamna mana."

"Ka goge su?"

"Na hwara tun azahar. Huɗu sun tahi, ukku sun saura."

"Waɗanda sunka tahi, ana iya maido abin da ke ciki?"

"Wane mutum. Ko mai ƙera ta."

Kamalu ya dafe bango.

Rahama ta matsa kusa da kantar. Nan ta ga abin da Hamani ba zai gani ba. Huɗu daga cikin injunan akwai gicciyen farin alli a samansu, uku babu. Ta dubi Ɗayyabu, ta nuna allin da ido. Ya gyaɗa kai, ya shafa tafin hannunsa a iska alamar an share.

"Bari in haɗa ukkun da sunka saura ɗai-ɗai ku duba," in ji Ɗayyabu.

"Ba sai ka haɗa ba," Hamani ya ce. "Na san tawa. Wurin da waya ka shiga ya taɓa karyewa, ni nil liƙe shi da dalma da hannuna. Akwai ɗan tudu. Kai ni gaban kantar."

Ba Rahama ya miƙa wa hannu ba. Ɗayyabu ya miƙa wa.

Ya jingine sandarsa. Ya ɗora hannu biyu a kan ta farko, ya zagaya da yatsa ta baya. Mai alli ce.

"Ba ita ba."

Rahama ta saki numfashi.

Ta biyu, babu alli. Ta ji zuciyarta na roƙo, Allah ka sa ita ce, Allah ka sa ita ce.

"Ba ita ba."

Ta uku, mai alli.

"Ba ita ba."

Ta huɗu, babu alli. Ya daɗe a kanta. Ya sake zagayawa da yatsa. Kamalu ya matso har yana taka ƙafar Moctar.

"A'a. Wagga tsaga ta, ba dalma ba."

Saura uku a kan kantar. Biyu masu alli, ɗaya babu, kuma marar allin ita ce ta ƙarshe a layi.

Ta biyar.

"Ba ita ba."

Mutanen rumfunan kusa sun fara taruwa, ba su san me ake nema ba, sun dai ga makaho na shafa injuna kuma mace na kuka ba sauti.

Ya ɗora hannu a kan ta shida. Yatsansa ya gangara ta baya, ya tsaya. Ya koma, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Fuskarsa ta saki, ya jawo injin ya rungume shi a ƙirji, a kan sabuwar shaddarsa.

"Ga ta. Alhamdu lillahi. Ga ta nan."

Ba wanda ya ce amin. Ɗayyabu ya kawar da kai. Kamalu ya zame ya zauna a ƙasa.

Hamani ya ji shirun. Ya sassauta rungumar, ya shafa saman injin da tafin hannu, sannan ya murza yatsunsa biyu a hankali, ya kai su kusa da hanci.

"Rahama."

"Na'am, Yaya."

"Zo nan kusa. Abin da kig gani za ki hwaɗa min, ba abin da nika son ji ba."

Ya miƙo mata hannun, yatsun sun yi fari.

"Mi na wanga gari bisa injina?"